Daga Aji Zuwa Jami'a: Malamin Bakin Kogi da Nazarin Yadda Yaro Yake Koyo

 

Shugaban taro, shugabannin Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya na rassan Yauri da Ngaski da Shanga, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka yi ritaya, 'yan'uwana malamai maza da mata, da iyalanmu da suka rako mu, ina yi muku barka da zuwa. Na san akwai waɗanda suka yi sammako suka hau kwalekwale, akwai waɗanda suka sha ƙura a kan babur. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

An nemi in yi magana a kan malamin da yake son ya zurfafa karatu har ya zama malamin kwaleji ko na jami'a, a fannoni biyu da suke tafiya tare: ilimin halayyar ɗalibi da fasahar koyarwa. Na farko yana nazarin yadda yaro yake fahimta, da yadda yake riƙewa, da dalilin mantuwarsa, da abin da yake sa shi son karatu ko gudunsa. Na biyu yana nazarin yadda ake tsara darasi da zaɓen kayan da za su isar da shi, tun daga alli har zuwa kwamfuta. Zan faɗi abin da fannonin suka gano, sa'annan hanyar da ake bi, sa'annan abin da ya rataya a wuyanmu.

Da farko ya kamata mu san cewa tambayar yadda ake koyo tsohuwa ce a wurinmu. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukanmu, yana bayani ne a kan niyya da zaɓen malami da yawan maimaici. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya nuna cewa ilimi sannu a hankali ake ba da shi, a bi fanni a taƙaice, a dawo a faɗaɗa, a sake dawowa a warware masu wuya, kuma ya yi gargaɗi cewa tsananta wa yaro yana koya masa ƙarya da munafunci. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta shirya ilimi cikin waƙoƙi masu sauƙin hadda, ta horar da jajis suka kai shi ga matan ƙauyuka. Ai wannan shi ne karatu daga nesa, tun ba a ƙirƙiro rediyo ba. Allo kuwa kayan koyarwa ne cikakke: ba shi da tsada, ana wankewa a sake rubutu, kuma kowane almajiri yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa. Saboda haka mai shiga wannan fanni daga cikinmu ba baƙo ba ne a gidan.

Abin da nazarin zamani ya ƙara shi ne gwaji da awo. Bari in kawo abubuwa huɗu da aka tabbatar, waɗanda kowannenmu zai iya aiki da su ranar Litinin.

Na ɗaya, mantuwa. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya auna yadda abin da aka haddace yake zubewa. Ya gano cewa mafi yawan asarar tana faruwa ne a farko-farko, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Masu tilawa sun daɗe da sanin haka. Ma'anarsa a ajinmu ita ce, minti biyar na waiwayen darasin makon jiya a farkon kowane darasi sun fi makon bita guda a ƙarshen zango.

Na biyu, tambaya ita kanta koyarwa ce. A 2006 masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta sake karantawa, wasu kuma aka rufe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu sake karantawa ne a gaba, amma bayan mako guda masu ƙoƙarin tunowa sun wuce su. To, ashe malamin da yake cewa a rufe littafi a gaya masa abin da aka koya jiya ya fi wanda yake cika allo da rubutu a yi ta kwafa.

Na uku, zuciyar mai koyo ba ta ɗaukar sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda. A 1956 George Miller ya ƙiyasta su da kusan bakwai, binciken da ya biyo baya ya rage su zuwa kusan huɗu. Ku dubi yaron da ya taso da Gunganci ko Kambarci ko Shanganci ko Fulatanci. Yana jin Hausa ta kasuwa, aka zaunar da shi a aji ɗaya ana koya masa lissafi da Turanci. Kafin ya kai ga lissafin, harshe ya cinye masa wurin. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ba a zargin katakonsa idan ya nutse. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekaru shida na firamare, ana ba su Turanci a matsayin darasi. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, kuma sun yi fice a sauran darussa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ma ta tanadi a fara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin.

Na huɗu, yaro yana zuwa makaranta da iliminsa. A shekarun 1960 John Gay da Michael Cole sun yi nazari a tsakanin Kpelle na Laberiya, manoman shinkafa kamarmu, suka tarar sun fi Amurkawa masu ilimin boko iya ƙiyasta yawan shinkafar da ke cikin mazubi. A 1985 aka buga wani bincike daga birnin Recife na Burazil, inda yara 'yan talla suka warware lissafin ciniki daidai da ka, amma da aka rubuta musu shi a takarda sai suka yi ta faɗuwa. Wa a cikinmu bai san yarinyar da take ba da canjin kifi ba tare da kuskure ba, amma ta ci sifili a jarrabawar ɗebewa? Masanin nan na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya nuna cewa koyarwa tana cin nasara ne a tsakanin abin da yaro yake iya yi shi kaɗai da abin da zai iya in an kama masa. Aikin malami shi ne ya gano wannan gaɓa. A nan ƙasar, sau da yawa tana cikin kwandon kifi ko buhun albasa.

Yanzu sai fasahar koyarwa. Tarihinta cike yake da manyan alkawura. A shekarun 1950 B. F. Skinner ya fito da injin koyarwa a Amurka, aka yi zaton zai sauya makaranta. Bayansa aka ɗora buri a kan talabijin, sa'annan kwamfuta. Ƙasar Peru ta raba wa yaran karkara ƙananan kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Da aka auna sakamakon a makarantu sama da 300, rahoton da ya fito a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. A ɗaya ɓangaren kuma, shirin koyar da lissafi ta rediyo da aka fara a Nikaragua a 1974 ya ɗaga makin yara, domin an tsara kowane darasi da kyau, muryar rediyo tana tambaya, yara suna amsawa da baki, malamin aji yana tsaye yana lura. Tun a 1983 Richard Clark ya yi bayanin cewa na'ura abin dakon darasi ce kawai, tsarin darasin shi ne yake koyarwa. Mu mutanen ruwa mun fahimci wannan: jirgi mai inji ya fi kwalekwale sauri, amma in babu kaya a ciki, isarsa kasuwar Yelwa da wuri ba ta ƙara wa kowa komai.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Muna zaune a gefen tafkin da aka tare domin samar da lantarki, madatsar da aka kammala a 1968, wadda ta sa aka tashi dubban iyayenmu daga gungunansu da garuruwansu, amma makarantunmu da yawa ba su da ko ƙwan fitila. Lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona a 2020, mun ga wanda ya iya ci gaba da karatu da wanda aka bari a baya. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Asusun UNICEF suka ƙaddamar da manhajar darussa ta intanet. Abu ne mai kyau, amma tambayar masani ita ce: yaron gungu da wace waya zai buɗe ta, da kuɗin wa, cikin wane harshe? Idan ba mu da namu masana da za su zauna a teburin da ake yanke shawara, za a ci gaba da aiko mana da kaya a kwali, a ɗauki hoto, a kulle su a ofishin hedimasta har ɓera ya ci wayoyinsu.

To, ina hanyar? Mafi yawanmu muna riƙe da takardar NCE, wasu daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wasu ta hannun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 domin horar da malamai suna bakin aikinsu. Mai wannan takarda yana iya shiga jami'a kai tsaye ba tare da ya fara daga shekarar farko ba. Wanda yake da digiri a wani fanni kuma sai ya yi babbar difiloma a koyarwa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna da tsofaffin tsangayoyin ilimi, ga kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ga wanda ba zai iya barin gida ba. Bayan digirin farko sai na biyu, a nan ne mutum yake keɓanta ga ilimin halayyar ɗalibi ko fasahar koyarwa, ya koyi dabarun bincike da ƙididdiga, ya rubuta kundi. Sa'annan digiri na uku, wanda ba ya kasa shekaru uku, sau da yawa ma yana wucewa.

Wanda aka ɗauka aiki a jami'a yana farawa ne daga mataimakin malami, ya hau matakai biyu na malami, ya zama babban malami, sa'annan mataimakin farfesa, kafin kujerar farfesa. Daɗewa kaɗai ba ta kai mutum. Ana duba maƙalun da ya buga a mujallun masana, da ɗaliban da ya yaye, kuma a manyan matakai sai an aika ayyukansa ga masana na wasu jami'o'i sun auna. Ku sani kuma, tallafin karatu na asusun TETFund na ma'aikatan manyan makarantu ne. Malamin firamare da na sakandare da aljihunsa yake farawa, sai fa in ya sami hutun karatu da albashi. Duk wanda ya ce muku tafiyar gajera ce ko mai arha, bai gaya muku gaskiya ba. Daga NCE zuwa digiri na uku, mutum ya shirya wa shekaru goma ko fiye.

Amma kada wani ya ce ɗan wannan ƙasa ba ya kaiwa. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya fara bincikensa ne a kan tarihin Yauri, a 1978 ya fitar da littafinsa a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, kuma ya shugabanci Jami'ar Sakkwato a shekarun 1980. Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, shi ma ya shugabanci wannan jami'a kafin ya hau gadon sarauta a 1999. Masarauta ɗaya ta ba jami'a ɗaya shugabanni biyu. Abin lura a tarihin Farfesa Mahdi shi ne, da abin gida ya fara, kuma shi ne ya buɗe masa ƙofar duniya.

A nan ne nake son in ja hankalin matasanmu. Malamin da ya shekara goma a aji a Shanga ko Wara yana da abin da ɗalibin da ya taso a birni ba shi da shi, wato tambayoyi na gaskiya. Ga kaɗan daga cikinsu. 'Ya'yan masunta suna bin iyayensu idan ruwa ya sauya, su ɓace makonni, su dawo. Me suke mantawa, kuma wane irin tsarin darasi ne zai bi su cikin jirgi? Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 an ɗora mata nauyin 'ya'yan masunta masu ƙaura, amma tana bukatar wanda ya san bakin tafkin nan ya gaya mata abin da yake aiki. Ta biyu, ajin da yake da harsuna uku ko huɗu, da wanne za a fara koyar da karatu? Shirin Mu Karanta ya gwada koyar da karatu da Hausa a Sakkwato da Bauci, to yaya lamarin yake ga yaron da Hausar ma harshe na biyu ce gare shi? Ta uku, saƙon murya ta WhatsApp ko darasi a katin waya, zai iya taimakon malamin da yake shi kaɗai a makarantar gungu?

Ta huɗu ita ce mafi nauyi. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka tafi da ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo. Makonni kaɗan kafin haka, a watan Mayu, jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara da rayuka masu yawa. Yaran da suka ga waɗannan abubuwa, da waɗanda suka rasa iyaye, suna zaune a azuzuwanmu yau. Ilimin halayyar ɗalibi ya tabbatar cewa tsoro yana cinye hankalin da ake koyo da shi. Yaron da yake firgita idan babur ya wuce, ko ya yi shiru ya daina magana, bulala ba za ta gyara shi ba. Muna bukatar malaman da aka horar su gane alamun, su san abin da za su yi da lokacin da za su miƙa yaro ga likita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba mu yi wannan nazari ba, wa muke jira ya zo ya yi?

Sai gargaɗi guda uku. Na farko, kada a nemi takarda don ƙarin girma kawai. Wanda ya biya aka rubuta masa kundi, ko ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa masa, ya zauna ya cike takardun tambaya da hannunsa, ya ci amanar yaran da ya ce ya yi nazari a kansu, domin wata rana za a gina manufa a kan alƙalumansa na ƙarya. Na biyu, kada karatu ya zama dalilin barin aji babu kowa. Wanda zai tafi ya bi ƙa'ida, ya sami izini a rubuce, a san wanda zai riƙe yaransa. Na uku, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda Allah Ya kai Sakkwato ko Zariya ya riƙa dawowa, ya turo ɗalibansa su yi gwajin koyarwa a nan, ya fassara abin da ya gano zuwa Hausa ya kawo wa wannan mujalla tamu.

Ga shugabannin ƙungiya kuma ina da roƙo. Tun da aka kafa wannan ƙungiya a 1931 take fafutukar albashi da martabar malami, kuma har yanzu fafutukar ba ta ƙare ba. Ina roƙon a sa hutun karatu da albashi cikin manyan bukatun da ake kai wa hukumomin ilimi na jiha da na ƙananan hukumomi, a fito da ƙa'idarsa fili, yadda malamin ƙauye da ba shi da kowa a sama zai samu kamar yadda na gari yake samu. A nemi a riƙa gyara wa mutum matsayi da zarar ya kawo sabuwar takarda. Kowane reshe ya duba yiwuwar buɗe asusun rance marar ruwa don kuɗin makaranta. Sa'annan a ware wa malamai mata kaso, domin yarinyar da ta ga mace 'yar garinsu ta zama dakta ba ta bukatar dogon wa'azi.

Iyalanmu kuma, ku ne kuke biyan rabin kuɗin wannan tafiya. Uwargidan da take lallaɓa cefane saboda an kai albashi rajista, da maigidan da yake kula da yara matarsa tana ɗakin jarrabawa, da 'ya'yan da suke haƙuri da ɗinkin salla, duk suna da rabo a cikin takardar. Mai niyyar tafiya ya zauna da iyalinsa tun da wuri, a yi lissafi tare, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda kuma ba zai koma makaranta ba, kada ya ga kamar maganar ba tasa ba ce. Ya sami littafin rubutu guda, ya riƙa rubuta abin da ya gwada a aji da abin da ya biyo baya: yara nawa suka iya karanta jimla a farkon zango, nawa a ƙarshensa, me ya sauya a tsakani. Malamai biyar a makarantu biyar in suka yi haka shekara guda suka haɗa littattafansu, sun samar da abin da babu shi a ɗakin karatun kowace jami'a. Ina ba da shawarar kowane reshe ya fitar da irin waɗannan malamai biyar kafin zango mai zuwa, su kawo mana sakamakonsu a taron baɗi.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba masu ritaya haƙƙinsu suna da rai, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tsare yaranmu a tudu da ruwa, Ya sa albarka a cikin allinmu.  Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.